Zuwa ga Ministan Lafiya: maganin kitsen jini da ake saye kwali ɗaya a daina

Ranka ya daɗe, Mai girma Minista,

Gaisuwa mai yawa daga Tawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na ma'aikata a Yamai. Ni ba lokotoro ba ne, ban kuma yi karatun haɗa magani ba. Mai tsayuwa ne a bayan kanta a wani kantin magani na cikin gari, shekara goma sha bakwai ke nan ina karɓar ordonas, wato takardar maganin da likita ya rubuta, ina miƙa kwali. Wanda ya daɗe a bakin rijiya kuwa ya san gugan kowa: na san wanda ke zuwa da kuɗinsa cif, na san wanda ke kwance bakin rawani yana ƙirga ƴan dala, na san kuma wanda ke cewa "bari in je in dawo" alhali ni da shi mun san ba dawowa zai yi ba.

Dangin magani guda ne ya sa na ɗauki alƙalami, waɗanda ake bayarwa don rage kitsen jini, abin da takardar labo ke rubutawa kolesterol. Ƴan asibiti na kiransu statin: simvastatin, atorvastatin, rosuvastatin da ƴan uwansu. Ga abin da idona ya gani a kansu. Kwalin farko ana saye. Na biyu ne ba ya fita daga kanti.

Bari in fara da gidanmu, kada a ce ina tona na wasu ina rufe nawa. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, tsohon ɗan bida ne. Ya yi shekaru fiye da ashirin a Abijan kafin ya dawo gida ya kama harkar albasa. Yana da ciwon sukari, yana da tansiyo, wato hawan jini, shekarunsa sun haura sittin. Da ɗansa ya matsa masa, ya hau mota ya yi tafiyar nan ta sama da kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, aka auna jininsa a Yamai. Mugun kitsen, wanda ake rubutawa LDL, ya fito giram 1,7 a lita. Ga mai sukari da tansiyo a shekarunsa, wannan ya yi yawa. Aka rubuta masa atorvastatin, ƙwaya ɗaya kullum. Ya saya tun a can, ya dawo, ya sha kwana talatin bai tsallake ko ɗaya ba, don kawu mutum ne mai cika alkawari.

Bayan wata biyu ya biyo ta kantinmu sayen maganin tansiyo. Na ce, "Kawu, na kitsen fa?" Ya ce, "Ai na gama shi, ɗana. Ƙwaya talatin na sha ba fashi, wane kitse ne zai tsaya?" Na ce masa wannan ba a gama shi, ci gaba ake yi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To mi nike ji? Kafin in sha ba ni jin komi, da na sha ban ji komi ba, da na bari ban ji komi ba. Kuɗin kake so?" Mutanen da ke layi suka yi dariya, ni ma na yi. Ban ja maganar ba, saboda ba a ja-in-ja da kawu a gaban jama'a. Wannan laifina ne, kuma har yau yana ci mini rai.

Wata goma bayan haka, ya dawo daga sallar asuba ya zauna kan tabarma, matarsa ta kawo masa kunu. Kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Ta ɗago ta ga bakinsa ya karkace, yana son magana harshen ya ƙi. Hoton kai ya nuna jijiya ce ta toshe. Ba zan rantse ba cewa da ya ci gaba da ƙwayar da abin bai same shi ba. Tansiyonsa ma ba kullum yake kwance ba, kuma kowa da abin da Allah ya rubuta masa. Amma na san ɗaya daga cikin ƙofofin da aka ce ya rufe, a buɗe ya bar ta, kuma ba don taurin kai ba. Ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa da Hausa cewa wannan maganin ba shi da ranar gamawa.

Na yi ta juya wannan a raina, Mai girma Minista, har na gane cewa mu da kanmu muka koya wa mutane abin da kawu ya yi. Shekara da shekaru saƙon lafiya a rediyo da bakin majo, ma'aikacin jinya, guda ne: sha ka gama. Maganin zazzaɓin sauro kwana uku, ka shanye ka warke. Maganin tarin fuka wata shida, kada ka tsaya sai ka kai ƙarshe. Saƙon ya shiga, alhamdu lillahi. Sai dai ya bar wa mutane fahimtar cewa ƙarewar kwali ita ce ƙarewar ciwo. Yanzu ga wani irin ciwo ya zo wanda ba ya sa zazzaɓi, ba ya sa ciwon kai, ba ya hana barci, ga kuma maganinsa wanda ba a jin aikinsa a jiki. Mai tansiyo aƙalla yana ganin lamba tana sauka a na'ura. Mai sukari yana ganin fitsarin dare ya ragu. Mai kitsen jini ba ya ganin komi sai kuɗin da ke fita daga aljihunsa kowane wata.

Sunan ma yana ruɗa mutane. Da an ce kitse, tunani na tafiya ga mai tumbi. Wata baiwar Allah siririya kamar karan dawa ta taɓa miƙo mini ordonas tana faɗa: "Ni da ko tsoka ba ni da ita, ina zan samu kitse? Sun haɗa takardata da ta wata." Ba su haɗa ba. Mafi yawan kolesterol ɗin da ke yawo a jini ba daga akushi yake fitowa ba, hanta ce ke ƙera shi, kuma jiki na bukatarsa don gina ƙwayoyin halitta da haɗa ruwan matsarmama. Matsala na zuwa ne idan LDL ya yi yawa shekara bayan shekara, ya riƙa shiga bangon jijiya yana taruwa, kamar yadda ƙasa-ƙasa ke kama cikin bututun famfo har ruwa ya koma ɗigo. Wata rana dasƙararren ya fashe, jini ya gudaje a kansa, hanya ta rufe. In a zuciya ne, mutum ya dafe ƙirji. In a ƙwaƙwalwa ne, ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ta buge shi ko an yi masa jifa. Wasu kuma gadon abin suke yi, su kan ɗauko shi tun suna yara komi ramarsu.

Aikin statin a hanta yake. Yana danne wani sinadarin da hanta ke bukata wajen ƙera kolesterol, sai hantar ta ga nata ya yi ƙasa, ta shiga janyo LDL daga cikin jini. Muddin ana sha, lambar na ƙasa. Aka daina, cikin ƴan makonni hanta ta koma aikinta, lambar ta koma inda take. Wannan bayanin bai fi na minti biyu ba. Na yi wa ɗaruruwan mutane shi a kan kanta tun bayan abin da ya sami kawu, kuma ban ga wanda ya kasa ganewa ba, har tsohuwar da ba ta taɓa zuwa lakwal ba. Abin da ya rage shi ne a samu mai yin bayanin tun a ɗakin da aka rubuta takardar.

Maganin nan kuma ba sabon abu ba ne da za a ce ana gwaji a kanmu, kamar yadda wasu ke faɗa a fada. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya fara zaƙulo na farkonsu daga funfuna a 1973, bayan ya tace dubban ire-irenta. Amurka ta yarda da sayar da lovastatin a 1987. A 1994 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a ƙasashen arewacin Turai a kan mutum 4444 masu ciwon zuciya: waɗanda suka sha simvastatin na kimanin shekara biyar, mace-mace a cikinsu ya yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari a kan waɗanda ba su sha ba. Daga baya aka tara bincike masu yawa wuri ɗaya, aka ga cewa duk saukar da LDL ya yi da kimanin giram 0,4 a lita na rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da wajen kashi ɗaya cikin biyar. A lura da kalmar: shekara biyar. Ba kwana talatin ba. Tun 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa simvastatin a jerin magungunan da take ganin bai kamata wata ƙasa ta rasa ba.

Kada kuma a ce ciwon Turawa ne. Hukumar ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17,9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ne. Kusa da mu ma, binciken SIREN da aka yi a Gana da Najeriya, har da Kano, wanda aka wallafa a 2018, ya duba abin da ke jawo shanyewar jiki a tsakanin mutane irinmu. Hawan jini ne ya zo kan gaba da rata mai yawa, lalacewar kitsen jini na biye masa. Ban zo in ce kitse ya fi tansiyo ba. Tansiyo ne babban, kowa a wannan sana'ar ya sani. Amma su biyun tare suke tafiya a jikin mutum ɗaya, kuma mun iya maganar ɗaya mun yi shiru a kan ɗayan.

Na san abin da zai zo ran mai karatu: mai sayar da magani na neman kasuwa. Kawu ma haka ya ce. To bari in faɗi abin da zai rage wa kantinmu ciniki, don a san ba wannan ba ne.

Yawancin ordonas ɗin da ke zuwa hannuna da sunan kamfani aka rubuta su, ba da sunan maganin na asali ba. Mutum ya zo da takarda daga Yamai, na ɗauko kwalin da aka rubuta, na faɗi kuɗi, ya ja da baya. Na ce masa akwai ƙanensa, magani ɗaya ne, ƙarfi ɗaya, sunan ne dabam, kuɗin kuma bai kama ƙafar wancan ba. Sai ya ce a'a, wanda lokotoro ya rubuta yake so, kada a ba shi na talakawa. Ya tattara abin da ke aljihunsa ya sayi mai tsadar sau ɗaya, shi ke nan an rabu. Da ya ɗauki mai sauƙin, kuɗin nan da sun kai shi wata uku ko huɗu. Ba na ganin laifinsa. An daɗe ana cutar mutane da jabu, dole su riƙe sunan da ke kan takarda kamar laya. Amma ikon mallakar waɗannan magunguna ya daɗe da ƙarewa, na atorvastatin ma tun wajen 2011, kamfanoni da yawa na yin su da araha. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa kantinmu ko albashin ba su da shi. Wanda zai sayi na tansiyo, ya sayi na sukari, ya ƙara da na kitse, duk wata har ƙarshen rayuwa, in ba a sauƙaƙa masa ba dole ya zaɓa, kuma wanda ba ya jin aikinsa shi zai fara yarwa.

Ragin rabin kuɗin ganin likita da na awo da aka fara a asibitocin gwamnati a watan Satumba na 2024 mun ga amfaninsa, mun kuma gode. Sai dai awo sau ɗaya ko biyu ne a shekara, kwalin kuwa sau goma sha biyu. Roƙona shi ne ma'aikatarka ta tsaya kan likitoci su riƙa rubuta sunan magani na asali, da hannun da ake iya karantawa, su kuma faɗa wa mara lafiya da bakinsu cewa mai sauƙin ba ƙasƙantacce ba ne. Kalma ɗaya daga lokotoro ta fi goma daga gare ni. Sannan ONPPC, hukumar gwamnati mai samar da magunguna, ta sa statin guda ɗaya, ko da guda ɗayan ne, cikin kayan da ba a yarda su yanke ba, a Tawa da Madawa da Buza da Keita da Illela da Abalak, yadda ba a yarda maganin zazzaɓi ya yanke da damina.

Daga kuɗi sai nisa. Mutumin ƙauye da aka sallama daga asibiti bayan shanyewar jiki, an ba shi takardar wata ɗaya ko uku. Ta ƙare. Don a sabunta masa, sai an ɗauko shi a amalanke zuwa bakin hanya, a sa shi a mota, a kawo shi gari, ya bi layi. Wa zai yi wannan don ƙwayar da ba ta tayar da hannun da ya mutu ba? Alhali majon CSI, wato ƙaramin asibitin garinsu, wanda ya san shi ya san gidansa, zai iya auna tansiyonsa, ya tambaye shi ko jikinsa na ciwo, ya miƙa masa na wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta share wannan hanyar a tsarinta na PEN da na HEARTS, waɗanda aka yi musamman don ƙananan asibitoci. Ƙa'idar ba ta da wuya: wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa, a ba shi statin. Mai ciwon sukari da ya kai shekara 40, a ba shi. Sauran kuma a duba allon auna haɗari, wanda ke haɗa shekaru da tansiyo da shan taba. Akwai ma nau'in allon da ba ya bukatar labo ko kaɗan, tsawo da nauyin mutum ake sawa a madadin awon jini. Ke nan rashin na'ura a Bagaruwa ko Cintabaraden ba hujja ba ne na barin mutum haka. Takarda ce mai launi da za a manna a bango, sai horo na ƴan kwanaki.

Abin da ke ba ni haushi shi ne a gefe guda ana zuba maganin inda ba a bukatarsa. Ma'aikaci ɗan shekara talatin da biyar, ba sukari, ba tansiyo, ba taba, ya je ya yi awon jiki gaba ɗaya, ya ga jimlar kolesterol ta nuna 2,1 an sa mata tauraro don ta ɗara giram 2 da ɗan kaɗan. Hankalinsa ya tashi, wani ya rubuta masa mafi tsada, ko ma shi ya zo ya ce in ba shi irin wanda abokinsa ke sha. Wani kuma nasa ba LDL ba ne ya hau, ɗaya maiƙon ne da ake kira tirigiliserid, wanda sukari da shayi mai zaƙi da ƙiba ke tayarwa, kuma in ya yi tsanani maganinsa dabam ne, irin su fenofibrate. Lamba ɗaya a takarda ba ita ke yanke hukunci ba, mutumin ake dubawa gaba ɗayansa. Yau a Tawa mai kuɗin da haɗarinsa kaɗan ne yana sha, tsohuwa mai sukari a ƙauye ko sunan maganin ba ta taɓa ji ba.

Sai batun illa, wanda in ba mu faɗa da bakinmu ba, ƴan fada za su faɗa da ƙari. Gaskiya ne wasu na jin ciwon tsoka, musamman cinya da sha-raɓa. Gaskiya ne yana ɗan ƙara yiwuwar sukari ga wanda dama yake bakin kamuwa, ko da yake kariyar da yake bayarwa ta rinjayi wannan ga mai babban haɗari. Gaskiya ne kuma tsoro kansa na sa ciwo. A 2020 an yi wani gwaji a Landan da mutum 60 da suka bar statin saboda illa: aka riƙa ba su wata na ainihin ƙwayar, wata na ƙwayar banza mai kama da ita, ba su san wace ce wace ba, sai aka tarar kusan kashi 90 cikin ɗari na damuwar da suke ji da maganin suna jin ta da ƙwayar banzar ma. Amma akwai illa ta gaske da ba a wasa da ita, ko da yake ba kasafai take faruwa ba. Wani direban babbar mota da ke shan simvastatin ya kamu da tari a hanya, aka rubuta masa clarithromycin a wani gari. Ba wanda ya tambaye shi me yake sha, shi ma bai ga dalilin faɗa ba. Kwana biyar ya shigo kantinmu yana jan ƙafa, yana neman maganin ciwon jiki. Allah ya sa na tambaye shi launin fitsarinsa. Ya ce kamar shayin farko. Mai kantin ya ce ya ajiye ƙwayoyin duka, ya tura shi asibiti a take, don wannan alamar narkewar tsoka ce, kuma ƙoda take kashewa. Ya tsira. Clarithromycin da erythromycin, da wasu magungunan ƙyasbi da makero na sha irin su ketoconazole, da wasu na ƙanjamau masu ritonavir, duk suna hana hanta fitar da simvastatin sai ya taru. Ko amlodipine, wanda kusan duk mai tansiyo a garin nan ke sha, in an haɗa su ba a wuce miligiram 20 na simvastatin. Mai ciki da mai shayarwa kuma a ƙa'ida ajiye shi suke yi, a garin da mace kan kai wata uku ba ta gaya wa kowa tana da ciki ba. Ƙaramin littafi guda da mai ciwo mai daɗewa zai riƙa yawo da shi, a rubuta duk abin da yake sha, da ya hana abin da ya sami direban nan.

Inda muka bar gurbi, wasu sun cike. Ranar kasuwa mota na zagaye da lasifika tana tallar ruwan jarka mai "narkar da kitse cikin kwana bakwai", wanda kuma shi ne na basir, na sanyi, na ƙarfin maza. Mai tire a ka na da kati-kati na ƙwayoyi da suka sha ranar Afrilu, lokacin da zafin Tawa ke wuce digiri 40, alhali a jikin kwalin an rubuta a ajiye ƙasa da 25 ko 30. Mai tallar jarka ya fi mu iya magana: ya yi alkawarin ranar gamawa, mu kuwa ba mu da ita. Ba kan titi kaɗai matsalar take ba. Binciken SEVEN da aka wallafa a 2017 ya tattaro magungunan zuciya iri bakwai, har da simvastatin, daga ƙasashe goma na Afirka ciki har da Nijar, daga kantuna da kuma kasuwa, ya tarar kimanin 16 cikin ɗari ba su cika inganci ba. Jabun maganin zazzaɓi a kwana biyu ake gane shi, don zazzaɓin ba ya sauka. Jabun statin kuwa mutum na iya shekara uku yana haɗiyar alli bai sani ba. In zan ce wa mutane su amince da mai araha, dole in san LANSPEX, labon gwamnati mai auna ingancin magani, na ɗibar samfuri daga kantuna irin namu a kai a kai, tana kuma bayyana abin da ta gani. Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Lome ta yaƙi da jabun magani a Janairun 2020, mu a nan ƙasa muna son ganin sawunta.

Ban manta da abinci ba, sai dai takardun nasiha da ke zuwa cikin kwali na maganar naman alade da cukun Faransa. Mutumin Adar ya karanta, in ya iya, ya ce to ni ba ruwana. A gaya masa da nasa: kitsen rago da ake zaɓa a wurin mai tsire, man shanu cokali uku a kan tuwo, man suya da aka maimaita har ya yi baƙi, soyayyen naman layya da ake ci wata guda, shayi zagaye uku sau uku a yini, da babur da ya hana mu taka ko zuwa masallacin unguwa. A kuma gaya masa gero da wake da zogale da ya gada ba abincin talauci ba ne. Amma kada a yaudare shi: wanda jijiyarsa ta riga ta toshe sau ɗaya, dambun zogale ba zai tsaya masa a madadin ƙwaya ba.

Na ji akwai sababbi, ezetimibe mai tare kolesterol tun daga hanji, da allurai masu tsadar gaske da suka fito a 2015. Ba su nake roƙo ba. In da abin da zan so a duba, shi ne ƙwayar nan guda da ta haɗa statin da maganin tansiyo, wani lokaci har da aspirin, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerinta a 2023. Mutanenmu da ke yar da na kitse su riƙe na tansiyo, in duka a ƙwaya ɗaya suke, ba abin yarwa.

Kafin duk wannan, akwai matakin da ba ya cin kuɗi sosai. A ba Muryar Sahel da gidajen rediyon karkara saƙo na minti biyu, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci da Barbarci, a bakin dattijo irin kawu, ba a bakin yaro mai karanta fassara ba. Ya ce wannan ciwon ba ya ciwo, maganinsa ba a gama shi, ana shan sa sau ɗaya a yini, simvastatin da dare, don haka ko azumi ba ya hana shi. Ya ce in jiki ya yi tsami ko fitsari ya yi duhu a je a faɗa, kada a yi shiru a daina. A kuma tsayar da suna ɗaya na Hausa da majo da mai kanti da mai rediyo za su riƙa faɗa, wanda ba zai sa siririya ta ce an haɗa takardarta da ta wata ba.

Kawu yana nan da rai. Yana takawa da sanda zuwa ƙofar gida, maganarsa ta dawo sai dai da nauyi, hannun daman ne bai dawo ba. Yanzu ni ke kai masa maganin duk farkon wata, mai sauƙin kuɗin, matarsa na ajiye shi a gwangwanin da take sa carbinsa don kada a manta bayan isha. Jiya na kai kwali na goma sha huɗu. Ya juya shi da hannun hagu, ya ce, "Har yanzu dai ba ni jin komi." Na ce, "Haka ake so, Kawu." Sai ya tambaye ni ko an samo na maƙwabcinsa, wanda aka sallamo daga asibiti watan jiya, na ce masa irin nasa ya yanke, muna jiran mota daga Yamai.

Allah ya taya ka riƙo, ya ba mu lafiya da zama lafiya.

Naka,
Wani mai sayar da magani a Tawa